Hadiza Uku, Kati Guda

Na'urar da ke bakin ƙofar shiga jirgi ta yi wa kowa ƙara ɗaya, ta kunna kore. Da na ɗora tawa takarda sai ta yi biyu, ta kunna ja. Ma'aikaciyar ta goge takardar a hannun rigarta, ta sake ɗorawa. Ja. Ta duba allon da ke gabanta, ta daɗe tana dubawa, murmushin ya sauka daga fuskarta. Ta miƙo hannu ta karɓi fasfona, ta ajiye shi ƙarƙashin tebur. Wannan ajiyewar ce ta tsinka mini zuciya. Tun daga Yamai duk wanda ya karɓi fasfon nan yana buɗewa ya miƙo mini, ita ce ta fara riƙe shi.

Ta nuna mini gefe. Na tsaya. Ina kallo mutane suka shige ɗaya bayan ɗaya, har mai keken guragu, har mai jariri, aka rufe ƙofa. Ta gilashi na ga jirgin ya ja da baya. Walis ɗina ma, akwatin kayana, an sauko da shi.

Ran Juma'a ne da hantsi, a wani babban filin jirgi na gabas inda na yada zango tsakanin Yamai da Alƙahira. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi na kamfanin ba. Ba tsoronsu nake ba, ba na son in yi musu talla ne ko da ta zagi.

Sunana Balkisa, ɗiyar Malam Sani masunci, a Madarumfa. Na yi lakkol har ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, bak ne, jarrabawar fita, bai samu ba. Tun ina ƙarama nake ganin kifin tafkinmu yana raguwa, Baba yana daɗewa kan ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Da aka ce wata cibiya a Masar tana ɗaukar matasa su koyi ƙyanƙyasar kifi da kiwonsa na wata shida, na cika takardu, aka ɗauke ni. Abinci da makwanci nasu ne, tikiti naka. Sun rubuta ƙarara: wanda bai sa hannu a rajista ba ran Lahadi da safe, an ba wani gurbinsa. Ga shi Juma'a, jirgina ya tafi, na gobe shi ne na ƙarshe da zai kai ni cikin lokaci.

Aka tura ni wani dogon kanta inda ake sauraron waɗanda jirgi ya bari. Na yi sa'a guda a layi. Da na iso, na yi magana da Faransanci, mutumin ya amsa da Ingilishi. Ingilishina na lise ne, na takarda. In na ga kalma a rubuce ina iya karanta ta, amma in aka zubo mini ita da sauri sai ta wuce ni kamar mota. Abin da na tsinta kawai shi ne tikitina an soke shi, kuma in jira a kira ni.

Ina fitowa daga layi wani mutum mai kwat mai kyau ya tare ni da Faransanci mai daɗi. Ya ce ya ji abin da aka gaya mini, ya ce ƙaramin abu ne, yana da ɗan'uwa a biro, wato ofis, na sama. Yuro hamsin za a ba shi ya buɗe tikitin. Yuro ɗari da hamsin ne duk guzurina na wata shida, ɗaure cikin ƙyalle a ƙuguna. Na shiga bayi na kwance na ba shi. Ya ce in zauna nan kada in motsa. Na zauna ban motsa ba har aka kira azahar a wayata. Wanda ya ga mutumin nan ya gaishe shi, ya ce masa ɗiyar masunci tana nan da rai, kuma ba ta yafe ba.

Sai in faɗi yadda aka yi tikitin ya zo hannuna, don a nan duk maganar take.

Ƙanwar Baba, Gwaggo Hadiza, a Ɗan Issa take aure, kuma ta fi shekara goma tana fatauci ta jirgin sama, tana kawo mayafai da takalma. Tana da ƙawaye biyu ƴan kasuwa irinta: Dije Doguwa ta Safo mai turare, da Dije mai atamfa ta Maraɗi. Su ukun duk sunansu Hadiza. Su ukun duk sunan ubansu Abdu. Ba wadda aka haifa a likita cikinsu, da girmansu aka yanke musu takardar haihuwa wurin alƙali, kuma wanda bai san ranar haihuwarsa ba ɗaya ga watan Janairu ake rubuta masa. Tsara ɗaya ne, sai shekarar ma ta zo ɗaya. In ka jera fasfonsu uku, hoto da lamba ne kawai suka bambanta.

Wata rana a azans ɗin da suke yankan tikiti aka yi musu bayanin katin maki. Duk tafiyar da ka yi kamfani yana zuba maka maki, in ya taru ka karɓi tikiti kyauta. Dije Doguwa ta yi lissafi ta ga mutum ɗaya sai ya tsufa bai tara ba. Ta ce to ai ga adashe nan Allah ya kawo. A buɗe kati ɗaya, kowa ta yi tafiya a sa lambarsa, in ya cika a ba ɗaya ta kwasa, a sake zubi. Ba su ɓoye wa kowa ba. Duk Ɗan Issa an san adashen Hadizoji. A wurinsu ba sata ba ce, kowa da kuɗinta ta yanki tikiti, kowa da bayanta ta zauna kan kujera sa'a goma.

Ɗaukar farko ta Dije Doguwa ce. Shekara biyu suka yi zubi, ta tafi umra, ba ta biya ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗauka ta biyu sai da suka yi shekara uku, don kamfani ya ƙara yawan makin da ake nema, kuma Dije mai atamfa ta ciro kuɗi masu kauri ta ɗora a kai. Da aka zo kan Gwaggo abin ya zama wasan yara. Su kusa cikawa, a ɗaga. Su sake kusantowa, a ce tsohon maki ya mutu don ya daɗe. Su cika, a ce babu kujerar maki a watan nan, ko na gaba, ko na gaba da shi. Shekara huɗu tana jira. Ranar da takardata ta Masar ta zo, ta hau kabu-kabu ta zo har gida ta ce da Baba:

"Yaya, ɗaukata na ba Balki. Umra ba ta gudu. In na ƙara jira ma cinye shi za su yi."

Kyautar kuwa da muka je azans sai ga ta da jela. Kuɗin mai, kuɗin kamfani, kuɗin fitar da tikiti, jikka ɗari da tamanin na sefa. Baba ya tambayi mai azans sau biyu ko dai bai ji an ce kyauta ba. Ya sayar da waken bana gaba ɗaya da raguna biyu, muka biya.

To, wannan tikitin ne aka soke.

Da na tabbata mai kwat ba zai dawo ba, na nemi wurin salla. Na yi, na zauna a kan darduma, kuka ya ƙwace mini. Sai na ji an ce a bayana:

"Ke, wannan kukan da Hausa ake yin shi. Ɗiyar ina ce?"

Wata dattijuwa ce mai jiki, da tabarau a goshi da jakunkuna uku. Hajiya Larai, ƴar Jibiya, fatauci take yi ita ma, jirginta na Kano sai gobe da yamma. Da na ce Madarumfa sai ta tafa hannu.

"Ashe ta gida ce! Kifinku muke ci, kuna tsuga mana tsada. Tashi ki share hanci, ƴan Faransa ba ku da wuyar kuka."

Ta kwance leda ta ba ni dambun nama da biredi. Na faɗa mata duka, har yuro hamsin. Ta ce wannan kuɗin makaranta ne, kowa ya biya nasa, ita a wani gari agogo ta bayar. Da na zo kan maki sai ta zaro wani kati daga jaka ta buga shi a cinya.

"Kin ga wannan? Da ruwan zinare ne. Ina zuwa a buɗe mini ɗakin manya, in sha shayi, in miƙe ƙafa. Bana tafiya tara na yi, tara! Suka ce ban kai ba, suka maido ni na azurfa. Yanzu na je ƙofar ɗakin wani yaro da bai kai ɗana na uku ba ya ce in koma. Makin kuwa, abin da da yake kai ni Jidda in dawo, yanzu ko Legas sai na cika da kuɗi. Su ke bugawa, su ke ƙirgawa, su ke cewa ya mutu. Tashi mu je, na daɗe ina neman wanda zan sauke wa."

Wajen la'asar aka kira sunana. Wani ƙaramin ɗaki ne marar taga, da tebur da wani ma'aikaci siriri mai igiya a wuya. Fasfona na gabansa. Ya so ya hana Hajiya shiga, ta ce ita uwata ce, ta ja kujera ta zauna kafin ya gama magana. Ingilishinta na kasuwa ne, ba ta iya karanta shi, amma tana ji tana mayarwa, ba ta tsoron kowa.

Ya yi bayani, tana juya mini. Katin da aka fitar da tikitina an rufe shi jiya. Na'urarsu ta gano cewa watan da ya wuce Hadiza Abdu ta tashi daga Jidda da safe, kuma a wannan sa'ar Hadiza Abdu tana sama tana dawowa daga Sin. Mutum ɗaya ba ya hawa jirgi biyu. Sai kuma ga tikiti an fitar wa wata mai wani suna daban. A ganinsu ɓarayin maki ne suka shiga katin suna kasuwanci da shi, ni kuma na saya a hannunsu.

Ya turo mini takarda da biro na rubutu. Hajiya ta karɓa ta juya ta, ta miƙo mini.

"Ni baki gare ni, ke ido. Karanta da ƙarfi, sannu-sannu, in gaya miki abin da suke nufi."

Haka muka yi. Ina haɗa kalmomin kamar ƴar aji ɗaya, tana saurare da ido rufe, tana fassarawa. Takardar ta ce ni Balkisa na amsa cewa na sayi tikitin nan a hannun wanda ban sani ba, ban san mai katin ba. In na sa hannu za su maida ni Yamai gobe ba tare da na biya ba, sunana zai shiga cikin waɗanda ba sa ɗauka, mai katin kuma za a ɗauka an zalunce ta ne, a buɗe mata katinta da makinta duka.

Na ce a tambaye shi, in na ƙi fa?

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce sai shef, babbansu, ya zo gobe da safe, kuma shef yana iya miƙa ni ga ƴan sandan filin jirgi.

Da na ji ƴan sanda na tsorata. Amma na ture takardar. Na ce da Faransanci, ko ya ji ko bai ji ba, mai katin ƙanwar ubana ce, ita ta yi mini wankan farko da aka haife ni, ba zan rubuta ban san ta ba.

Muka fito na kira Gwaggo. Ta ɗauka da murna tana tambaya ko na sauka. Da na gama bayani ta ce:

"Wa yac ce masu mu uku na?"

"Ba wanda ya ce, Gwaggo. Ba su sani ba. Sun ɗauka ɓarayi ne."

"To kak ki ce komi tukuna. Bari in kira su Dije."

Bayan rabin sa'a Dije mai atamfa ta kira ni da kanta. Tun da aka fitar da tikitina an fara sabon zubi, kuma akwai ragowar da aka bari, ita ce take sa ran kai tsohuwarta umra da shi. Ba ta yi sallama mai tsawo ba.

"Balki, ke yarinya ce, karatu bai ƙarewa. Baɗi ma ana ɗauka. Ki sa masu hannu ki dawo gida lahiya lau. In kin tona, shekara tara na zubinmu ta tahi, kuma wa ya san ko su hana mu hawa gaba ɗai? Da mi za mu ci abinci?"

"Inna Dije, takardar cewa ta yi na sayi kayan sata."

"Takarda ce! Wa zai karanta ta a Madarumfa?"

"Ni na karanta ta."

"Ji mini ɗiya! Don an yi maki alheri?"

Na ce mata alherin na gode, har in mutu ina godiya. Sai dai Baba ya sayar da wakensa da ragunansa a kan tafiyar nan, kuma ban saci komi ba, su ma ba su saci komi ba. Gobe in shef ya tambaye ni gaskiya zan faɗa, da su ko ba su. In suna so su taimake ni, su taru wuri ɗaya da fasfonsu. In ba sa so, zan faɗa ni kaɗai. Ta kashe waya.

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Na zauna ina jin kamar na zagi uwata. Hajiya Larai ta ce in sha ruwa, ta ce wanda aka taɓa masa adashe dole ya yi ihu, in bar ta ta huce.

A kan kujerun ƙarfe muka kwana, kaina a kan jakar Hajiya. Da asuba na tuna a wannan lokacin Baba yana tura kwale-kwalensa cikin ruwa, yana zaton ɗiyarsa tana Masar, don na roƙi Gwaggo kada ta gaya masa. Na kira ta sau uku, ba ta ɗauka ba.

Ƙarfe goma na safiyar Asabar aka shigar da mu wurin shef. Babban mutum ne mai furfura a gefen kai, kuma Allah ya sa yana jin Faransanci, ko da yake yana fitar da shi kamar mai tauna tsakuwa. Takardar jiya tana gabansa, wani ɗan sanda yana tsaye bakin ƙofa. Ya ce minti goma gare shi.

Na faɗa masa. Hadiza uku, Abdu uku, ɗaya ga Janairu uku. Na yi masa bayanin adashe, yadda mata suke zubi kowa ta ɗauka bi da bi. Ya saurara yana juya alƙalami, sannan ya ce shekara ashirin yana aikin nan, ya ji ƙarya iri-iri, amma wannan sabuwa ce, ya yaba. Mutum uku, suna ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya? Ya turo takardar.

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na danna kiran da ake ganin fuska. Ya yi ta ƙara.  Na ce a raina, shi ke nan, sun bar ni.

Sai aka ɗauka. Shagon Gwaggo ne na Ɗan Issa, na gane mayafan da ke rataye. Su uku a kan benci ɗaya, sun ci ado kamar masu zuwa suna. Gwaggo a tsakiya, Dije Doguwa ta ranƙwafo don ta shiga hoto, Dije mai atamfa a gefe ta haɗe rai tana kallon bango, amma fasfonta yana hannunta.

"Ina shef ɗin?" in ji Dije Doguwa. "Juya muna shi mu ga idonshi."

Na ajiye wayar gabansa. Ɗaya bayan ɗaya suka buɗe fasfo suka kanga a fuskar waya. Ya sa tabarau. Ya karanta na farko, ya karanta na biyu, ya ce a maido na farko. Ya kira siririn ma'aikacin nan na jiya ya zo ya gani. Ɗan sandan ma ya matso yana leƙe. Shef ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake dannewa.

Da ya natsu ya ce in gaya musu abin da suka yi ya saɓa wa dokar katin. Kati na mutum ɗaya ne. Za a rufe shi, makin da ke ciki duka ya tafi.

Na juya musu. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Dije mai atamfa ce ta juyo, ta fizge wayar ta kawo ta daf da bakinta.

"Hwaɗa mashi! Hwaɗa mashi ni Hadiza Abdu ta Maraɗi na ce ya riƙe. Wane maki? Abin da kullum shina narkewa kamar sabulu cikin ruwa? Mun yi zubi shekara tara, su ne uwar adashe, kuma kullum sai sun ɗebi nasu su ce kwano ne ya ƙara zurhi. A kasuwarmu uwar adashen da ta yi haka ba ta ƙara zama cikin mata. Su cinye! Amma ɗiyarmu ba ɓarauniya ba ce, ya ba ta takardunta ta wuce!"

Hajiya Larai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴar'uwa, ƙara masa!" Ta zaro katinta na azurfa ta ajiye a kan teburin, ta ce ya haɗa da wannan.

Ban fassara duka ba, amma ban rage da yawa ba. Sannan na ƙara nawa. Na buɗe jakata na fito da rasit na azans na shimfiɗa gabansa. Na ce makin ya ce na bogi ne, na ji. Jikka ɗari da tamanin ɗin nan fa? Su ma na bogi ne? Kamfaninsu ya karɓa, bai tambayi Hadiza nawa ne a duniya ba. Sun ɗauko ni daga ƙasata sun kawo ni tsakiyar hanya sun ajiye. Ni ba ni da kati, ban taɓa hawa jirgi ba sai shekaranjiya. Wace doka na taka? Ya nuna mini ita a rubuce, zan karanta, na iya karatu.

Ya dube ni, ya dubi rasit. Ya tattara takardun da fasfona ya fita, ya ce mu jira.

Sa'a uku muka yi a ɗakin nan. Ɗan sandan bai tafi ba. Duk takun da na ji a waje sai in ce ga su nan sun zo tafiya da ni. Jirgin Alƙahira ƙarfe uku da rabi zai tashi, agogon bango yana gabana, na ga sha ɗaya, na ga sha biyu, na ga ɗaya. Gwaggo ta ƙi kashe waya, na ji ana ciniki a shagonta, na ji ta kori mai sayen takalmi ta ce yau ba ta sayarwa. Hajiya tana jan carbi tana zagin kamfani a tsakanin tasbihi.

Ƙarfe biyu saura kwata shef ya dawo. Ya yi wa ɗan sandan magana da yarensu, ɗan sandan ya fita. Ya zauna. Ya ce katin an rufe shi har abada. Matan uku ba a hana su hawa ba, amma kowa ta buɗe nata in tana so. Tikitina na dawowa ya mutu tare da katin, wannan ba abin da zai iya yi a kai.

Na ce wata shida na da yawa. Zan dawo, da kuɗin hannuna, kuma ba cikin jirginsu ba.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ɗora fasfona a kan tebur, da sabuwar takardar shiga jirgi a cikinsa, ya turo har gabana.

"Yau dai cikin namu za ki tafi, madmazel. Ba ki da laifi, ba a rubuta sunanki ko'ina ba. Ba wanda zai ƙara tare ki. Ƙofa ta tara."

Na zauna ina kallon fasfon. Sai Hajiya ce ta ɗauka ta cusa mini a jaka ta ja zik.  Daga cikin waya muryar Gwaggo tana ta kira.

"Balki! Ke Balki! Mi yac ce?"

"Ya ce in tafi, Gwaggo."

"To mi kike jira? Tashi ki tahi!"